Wayar da Yaya Ya Zare

Litinin, 3 ga Maris

Na bar sitidiyon Yaya. Na ajiye masa mukulli a kan fiyano na fito.

Shekara da shekaru ina zaune gefensa ina daidaita masa sauti, waƙar soyayya bayan waƙar soyayya, kowacce da “zuciyata” a baitin farko. Abin da ya ƙure ni yau: lokacin hutu ina haɗa sautukan kaina a kwamfuta, ya zo ya zare min hedifon ya sa a kansa, ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai, “Auta, injin niƙa ne ya faɗa kwamfutar?” A gaban mawaƙi kuma. Na ce masa injin niƙan ya fi waƙoƙinsa gaskiya.

Bai ji daɗi ba. Dama ba don ya ji daɗi na faɗa ba.

Laraba, 5 ga Maris

Umma ta leƙo ɗakina ta ce in nuna mata abin da ya raba ni da ɗan uwana. Na nuna mata. Manhaja ce, ƙananan akwatuna jere a allon kwamfuta, kowanne da aikinsa. Wannan yana haifar da sauti, wancan yana tace shi, wani yana karkaɗa shi, wani ya daddatsa shi. Ni ce mai jan waya daga wannan akwati zuwa wancan. Babu ganga, babu murya. Wani lokaci in mayar da bakin sautin cikin cikinsa, ya riƙa cin kansa har ya haukace.

Ta saurara kaɗan, ta ce, “To yaushe za a fara kiɗan?”

Na ce ai shi ne wannan.

Ta ce Allah ya shirya, ta ja min ƙofa a hankali kamar ɗakin majinyaci.

Asabar, 8 ga Maris

Yau na samu wani gurnani da ban taɓa jin irinsa ba. Kamar babbar mota tana hawan tudu, amma a cikin ƙirji. Na ɗora masa tsuwa siririya a sama. Gashin hannuna ya miƙe. Duk zaman da na yi a sitidiyo, babu waƙar da ta taɓa yi min haka.

Da na cire hedifon kunnena na ta ɗan ƙara shi kaɗai. Zai daina.

Talata, 11 ga Maris

Anti, matar Yaya, ta kira. Wai wani mawaƙi ya dawo da waƙarsa, ya ce muryar ta karkata gefe guda, gangar kuma tana huda kunne. Ko zan leƙa in duba?

Na ce ita ce sakatariyarsa yanzu? Mai bakin yi min dariya ai yana da bakin kirana.

Gaskiya na ji daɗi. Bari ya san injin niƙan ma yana da rana.

Juma’a, 14 ga Maris

Mai Gilashi ya amsa! Shi ne mutumin da ya mayar da tsohon sito wurin nuna zane-zane, wanda na tura wa aikina tun watan jiya. Ya ce in zo in yi a gaban mutane ranar Asabar ta sama, da yamma. Bai ce “yana da daɗi” ba, ya ce “ya tayar min da hankali.” Ban taɓa samun yabon da ya kai wannan ba.

Matsala ɗaya: lasifikokinsa ƙanana ne, na jawabi. Gurnanina zai fito kamar tarin kyanwa.

Na san inda manya suke, sitidiyon Yaya. Ba zan roƙa ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Ban roƙa ba. Umma ce ta gaya wa Anti, Anti ta gaya masa. Saƙonsa ya zo a waya, ko gaisuwa babu: zai kawo lasifikokin, amma shi zai jona su da hannunsa, don kar in ƙona masa kaya.

To, bari ya zo ɗin. Ya zo ya ga ko mutane za su yi dariya.

Ƙarar kunnen nan ba ta tafi ba tun jiya. Na faɗa a gaban Anti da ta zo gaida Umma, da wasa ma na faɗa, sai na ga ta kafe ni da ido. Mutane da son tsorata mutum.

Asabar, 22 ga Maris

Dole in rubuta wannan.

Siton ya cika fiye da yadda na zata. Ɗalibai, masu zane, wata tsohuwa da jikarta ta jawo. Yaya ya jona komai, ya koma gefen lasifika ya harɗe hannu.

Na fara da shuuu kamar ruwan sama a kan kwano. Na saki gurnanin. Ƙarfen rufin siton ya ɗauki rawa, na ji shi har tafin ƙafata. Wasu suka toshe kunne, wasu suka fita, ban damu ba, wasu kuma suka matso gaba suka rufe ido. Na ja waya na mayar da sautin cikin kansa, tsuwar ta fara hawa, tana hawa, ina murɗawa ina ƙara mata. Wurin da na yi makonni ina ginawa kenan. Saura kaɗan ta fashe.

Sai ɗif.

Na ɗauka wuta aka ɗauke. Na ɗaga kai, fitilu na nan. Yaya ne tsaye da wayar lasifika a hannu. Ya zare ta.

Ba wanda ya motsa. Ana jin numfashin mutane, da wata tattabara a saman rufi. Sannan aka ɓarke da tafi. Tafi! Mai Gilashi ya zo yana cewa yankewar nan ita ce ƙololuwar abin, wai yaya aka yi na yi tunaninta?

A waje, Yaya na loda kaya a mota, na same shi. Na ce ya ji kunya, lasifika ta fi masa ƙanwarsa. Na ce hassada ce, don bai taɓa yin abin da ya sa mutum ya rufe ido ba. Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba. Bai ko juyo ba. Ya rufe but ɗin motar ya ja ta.

Ko juyowa.

Lahadi, 23 ga Maris

Ba zan yafe ba. Umma ta ce in ci abinci. Na ci, amma ba zan yafe ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Na saurari abin da aka naɗa a siton. Zan sake gina ƙarshen yadda na nufa, in tura wa Mai Gilashi, ya san ba yankewar wani ce ta yi aikin ba.

Na gina. Tsuwar ta fashe yadda nake so. Sai dai da na gama, sai da na kwanta na danne kunne da filo.

Laraba, 2 ga Afrilu

Anti ta zo, ba wurin Umma ba, wurina. Ta zauna bakin gado ta ce za ta faɗa min abin da aka hana ta faɗa, in ya so ya yi fushi da ita.

Kunnen Yaya na hagu ya mutu. Ya daɗe. Da ƙara ya fara, irin wadda na ce ina ji, yana cewa za ta daina. Na daman ma ya fara rage siraran sauti. Likita ya ce aikin ne. Yaya ya hana ta gaya wa kowa, har Umma, don mawaƙa na ji za su watse.

Ta ce, “Ke ce kunnensa, Auta. Kin ɗauka lalaci ne yake sa shi yawan tambayarki ‘ya kika ji’?”

Ta ce ta gaya masa zancen ƙarar kunnena tun ranar. A siton, da ya ga allurar na’urar auna ƙarfin sauti ta kwanta a ja, ni kuma kaina na dab da lasifika ina ƙara murɗawa, bai san lokacin da ya kai hannu ba. Zagin da na yi masa a waje kuwa, ta hagunsa na tsaya. Rabi bai ji ba. Ta ce gara haka.

Na ce to sai me? Wa ya hana shi magana? Ni boka ce da zan sani? Da ya faɗa min da baki, da bai kunyata ni a gaban mutane ba. Kuma ciwonsa bai mayar da aikina injin niƙa ba.

Ta ce, “Ban ce ya mayar ba.” Ta ɗauki jakarta.

Har yanzu ina kan bakata. Bai kyauta ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na je an duba kunnen. Ba don kowa ya ce ba. Likitar ta ce bai lalace ba tukuna. Ta nanata “tukuna” ɗin, kamar ban ji na farko ba.

Talata, 8 ga Afrilu

Na je sitidiyo ɗaukar wata wayata ta jona lasifika da na manta. Ita kaɗai ta kai ni.

Na same shi shi kaɗai, ya karkata kai gefe yana fama da wata waƙa. Muryar ta tafi hagu sosai. Tsayawa kallon ɓarna ba halina ba ne, shi ya sa na miƙa hannu na dawo da ita tsakiya, na rage kaifin gangar. Bai ce na gode ba, ban ce yi haƙuri ba. Ya ce, “Kin rame.” Na ce shi ma.

Ina shirin fita ya ce wai in kunna masa abin nan na ranar, farkon kawai, ban da tsuwar, kuma a hankali. Na ce ba abu ba ne, aiki ne. Ya ce to, aikin.

Na kunna gurnanin. Ya tashi ya ɗora tafin hannunsa a jikin lasifika, ya tsaya haka. Ya daɗe. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Wannan kam ta ko’ina nake jin sa.”

Ban koma aiki wurinsa ba, kar ma a fara. Na ce dai zan riƙa leƙawa ranar Talata, saboda kar a ɓata wa mutane waƙoƙi.

Da na dawo na buɗe sabon shafi a manhajar. Sauti masu kauri zalla, na can ƙasa, waɗanda ƙirji ke ji kafin kunne. Dama na daɗe ina son gwada irinsu. Ba don shi ba ne.

Wayar ma na sake mantawa da ita a can.