Rahotona Ya Faɗa Kan Siton Babana

Anti Badi'a, assalamu alaikum. Don Allah ki agaza mini da shawara kafin Alhamis ta sama. Na jawo wa kaina wani aiki da idan na tuna sai in yi dariya, can kuma sai in ga abin ba na dariya ba ne.

Ni ɗaliba ce a jami'a a nan Kano, ina karanta harkokin kasuwanci. Bana ce shekarar da ake tura mu kamfanoni mu koyi aiki, wadda muke kira IT. Na sha yawo da takardar makaranta a hannu, daga Bompai zuwa Challawa, ko'ina mai gadi ya karɓa ya ce za a neme ni. Har yau ana nema na. Da Babana ya ga na fara ramewa sai ya ce in ba shi takardar. Shi ne shugaban sito a wani kamfanin robobi a Sharada, inda ake yin butoci da bokitai da bahon wanki, shekararsa ashirin da uku a wurin. Kwana huɗu aka kira ni.

Anti, ban taɓa jin daɗin wani abu a karatuna kamar wannan aikin ba. Kullum tare muke fitowa daga Zawaciki da safe, mu hau A Daidaita Sahu ɗaya. Ranar farko ya tsayar da ni a bakin ƙofar kamfani ya ce daga nan zuwa ciki shi Malam Zakariyya ne, ni kuma ɗalibar IT, babu ɗiya babu uba. To shi ya fara karya dokar. Kafin azahar ya kawo mutum biyar ƙofar ofis su gan ni. Yanzu duk ma'aikata, har 'yan Jigawa da mutanen Nijar da ke kan injina, "Ƙaramar Manaja" suke ce mini. A aji mun yi ta haddace yadda kaya ke tafiya daga masana'anta zuwa hannun mai saye, amma sai a nan na ga buta ta faɗo daga inji da zafinta, aka kankare ta, aka ɗaure, aka loda, ta kama hanyar Maraɗi.

Wadda nake ƙarƙashinta ita ce Hajiya Atika, manajar fitar da kaya. Mace ce mai kirki amma ba ta son kwana-kwana. Wata biyu da suka wuce ta kira ni ta ce direbobin da ke zuwa daga Dakata suna ƙorafi, mota za ta shigo da hantsi amma ba za ta fita ba sai bayan la'asar. Ta ce in gano dalili in rubuta, shi ne zai zama babban rahotona na makaranta.

Na ɗauki littafi na zauna a bakin sito mako uku ina kallo. Baba har kujera ya sa aka ajiye mini, yana ta faɗa wa mutane bincike nake yi. Abin da na gano shi ne, an jera kayan sito ne bisa launi: shuɗi gefe ɗaya, ja gefe ɗaya, kore gefe ɗaya. Da kyau kamar a ɗauki hoto. Amma masu saye ba da launi suke oda ba, gauraye suke so, don haka oda ɗaya sai 'yan lodi sun zagaye sito gaba ɗaya. Ga butoci, waɗanda suka fi komai fita, an kai su can ƙuryar baya. Na rubuta cewa a dawo da su kusa da ƙofa, a jera kaya bisa yawan fitarsu, har zane na yi.

Sai da na miƙa rahoton na ji daga bakin wani tsohon ma'aikaci cewa wannan jeri na launi Baba ne ya ƙirƙiro shi shekara goma sha biyar da suka wuce, har yabo aka yi masa a kai. Ashe abin alfaharinsa na ɗauki biro na yi wa kaca-kaca.

Hajiya Atika ta karanta ta ji daɗi sosai. Ta ce ranar Alhamis in tsaya gaban taron shugabannin sassa in yi bayani da bakina, kuma malamin da ke duba mu daga jami'a zai zo. Baba yana cikin masu zama a wannan taro. Ya ji cewa zan yi magana amma bai san a kan me ba. Tun ranar da ya ji yake murna. Ya kai babbar rigarsa guga, ya faɗa wa abokansa a masallacin unguwa, shekaranjiya ma ya ce mini, "Ki buɗe murya fa, kada ki yi musu wannan maganar taki ta cikin hanci."

Ƙawata Rumaisa, da take nata IT a Bompai, ta ce in cire sashen sito in ɗora laifin a kan direbobi. Da na faɗa wa Ummata, dariya ta yi har da riƙe ciki, ta ce in bari Baba ya ci tuwo ya ƙoshi tukuna kafin in faɗa masa. Ni kuma har na fara tunanin in ce zazzaɓi ya kama ni ranar Laraba. Ba na son in kunyata mutumin da ya buɗe mini ƙofar wurin, a gaban mutanen da suke girmama shi. Ba na kuma son in yi ƙarya a aikin farko da na yi da hannuna aka yaba. Anti, ina zan sa kaina?

Ɗiyar Mai Sito, Zawaciki

Wa alaikumus salam, ɗiyata.

Na yi dariya kamar Ummarki, amma na ga nauyin abin. Bari mu fara da zazzaɓin Laraba: kada ya kama ki. Shawarar Rumaisa ma ki ajiye ta. Direbobin nan ba su yi miki komai ba, kuma Hajiya Atika ta riga ta karanta rahoton. Idan kika sauya shi za ta gane, daga ranar kuma ba za ta ƙara yarda da rubutunki ba. An tura ki wannan shekara ne ki koyi faɗin abin da kika gani ko da bai yi wa wani daɗi ba, sai aka yi dace naki darasin ya zo da Babanki a ciki.

Amma akwai abin da na lura da shi a wasiƙarki. Kin zauna mako uku kina kallon sito, ba ki ce ko sau ɗaya kin tambayi mai siton dalilin jerinsa ba. Wannan giɓi ne a bincikenki, ko da ba mahaifinki ba ne. Mutumin da ya shekara ashirin da uku a wuri ya san abin da kujerar bakin ƙofa ba za ta nuna miki ba. Wataƙila rana tana dukan bakin ƙofar tana koɗar da launi. Wataƙila ruwa na shigowa ta nan da damina. Wataƙila kuma lokacin da ya tsara jerin, da launi ake oda, kasuwa ce ta sauya daga baya. Ko wanne ne, rahotonki zai fi ƙarfi idan ya shiga ciki.

Saboda haka ki same shi a gida yau ko gobe, ba a kamfani ba, ba kuma a cikin A Daidaita Sahu ba. Ki bi maganar Umma, ki bari ya ci abinci. Ki fara da tambaya: yaya siton yake kafin ya gyara shi, me ya sa ya zaɓi launi? Ki saurara da gaske, da littafinki a hannu. Sannan ki nuna masa zanenki ki faɗa masa gaskiya, cewa wannan ne za ki gabatar, kuma ba ki san tsarinsa ba ne sai bayan kin miƙa. Zai iya ɗaure fuska kwana ɗaya. Ki bar shi, haƙƙinsa ne. Abin da ba zai manta ba shi ne ya fara jin maganar a gaban abokan aikinsa.

Bayan nan ki je wa Hajiya Atika ki gaya mata kin tattauna da shugaban sito, ga abin da kika ƙaru da shi. Ki roƙe ta a gwada sabon jerin na mako biyu a kan butoci kawai, kuma shi ya jagoranci gwajin, tunda shi 'yan lodi suke jin maganarsa. A taron ki yi magana a kan jeri da lokaci, kada ki yi a kan mutum. Ki faɗi amfanin da tsohon tsarin ya yi a zamaninsa, domin gaskiya ne, ki kuma ambaci wanda ya yi miki bayaninsa.

Na san iyaye irin Babanki. Sun tura ku makaranta ne don ku ga abin da su ba su gani ba, sai dai ba su zaci za ku fara da sitonsu ba. Ki ba shi kwana biyu ya haɗiye. Ina kyautata zaton kafin watan nan ya ƙare za ki ji shi yana gaya wa mutane cewa shi da ɗiyarsa ne suka gyara lodi a Sharada. Idan kin ji, kada ki gyara masa.

Allah ya ba ki sa'ar taro, ya yi wa karatunki albarka, ya ƙara wa Malam Zakariyya lafiya. Ki gaishe mini da Umma.

Anti Badi'a