Famfon Baffa

Litinin, 1 ga Yuli, 2024

Yau ma giranda ta nemi ƙwacewa daga hannuna. Ina goge waldar ƙofar ƙarfen nan da za mu kai Azuba, ina danna maɓalli ta zabura, kukanta ya yi sama har ya koma tsuwa. Dole na saki. Iska ta yi mata yawa, wannan ba sai an gaya mini ba.

Duk masu walda a Lafia girandar lantarki suke riƙewa, mu kaɗai ne ke jan tiyo a Bukan Sidi, don Baffa da faci ya fara sana'a kuma ya ƙi rabuwa da tsohuwar tukunyar iskarsa. A bakin tukunyar akwai baƙin murfin nan da ake murɗawa a ƙara iska ko a rage, wanda muke ce wa famfo. Gejin da ke kansa, mai nuna ƙarfin iska, ya mutu tun ina ɗan makaranta. Kullum da safe Baffa zai yi bisimilla, ya sa a danna giranda, ya karkata kai yana murɗawa har sai kukan ya yi masa daidai. Shi ke nan an buɗe iska. Ba mai taɓa famfon bayan shi. Ni da ya raina tun rasuwar mahaifina, har na yi aure na haihu, ban taɓa ɗora masa yatsa ba.

Na ce masa mu sayi sabon geji. Ya ce, "Me ka ce?" Na maimaita. Ya nuna kunnensa ya ce ga geji nan Allah Ya ba shi kyauta. To madalla. Ranar da faifan giranda ya fashe a fuskar wani sai a ɗinke da kunnen.

Laraba, 3 ga Yuli

Abin haushin, ba kullum ba ne. Wata rana lafiya lau, wata rana kamar za ta tashi sama. Baffa ba ya kuskuren iska, wannan kowa ya sani. Ke nan akwai hannu na biyu.

Mu uku ne a shagon. Ni, Baffa, sai Terfa.

Alhamis, 4 ga Yuli

Ban so zuciyata ta je kan Terfa ba. Mutumin da ya zo daga ƙauyensu tun ba ya iya haɗa Hausa biyu, Baffa ya koya masa aiki, yau yana cin tuwo a gidanmu ranar Sallah, mu ma yana kawo mana doya idan ya je gida. Amma na san halinsa da gaggawa. Yana son ya gama ya tafi. In aka ƙara iska aiki yana sauri, wa bai san wannan ba?

Asabar, 6 ga Yuli

Na gan shi! Da idona!

Baffa ya buɗe iska ya zagaya bayan shago. Ni na dawo ɗaukar gilashina da na manta, sai ga Terfa tsugune gaban tukunya, ya waiga hagu ya waiga dama, ya kama famfo ya murɗa shi hagu. Hagu fa. Duk wanda ya taɓa ɗiban ruwa a famfo ya san hagu buɗewa ce.

Ban yi magana ba. Ina so in ga gudun ruwansa. Duk yinin nan yana ta "ƙaramin oga, sannu da aiki", ina amsawa da hanci. Munafuki.

Litinin, 8 ga Yuli

Da hannun dama nake rubutu, na hagun yana naɗe da bandeji.

Terfa ya makara saboda ruwan sama, sai da muka fara aiki ya shigo, ya ajiye lema ya wuce wajen tukunya. Ina cikin goge kusurwar ƙofa faifai ya tarwatse. Ƙara kawai na ji. Guntu ɗaya ya tsaga mini damtse, ɗaya ya huda kwanon rufi, har yanzu ruwa na ɗiga ta wurin. Da fuskata ya nufa, da yanzu Zuhra 'yata marainiya ce.

Ina ɗaga kai na ga Terfa a tsaye kusa da famfo. Jini na zuba ban ma bi ta kansa ba. Na shaƙe masa riga na ce kai ne kake ƙara iska, na gan ka ranar Asabar. Ya ce, "Oga, ni rage shi nake, wallahi rage shi." Na ce ƙarya kake, hagu ka murɗa, hagu! Ya buɗe baki ya dubi Baffa, ya rufe.

Baffa ya taso yana tambayar me ake ciki. Na nuna famfon, na nuna Terfa. Baffa ya ce, "Ka taɓa ko ba ka taɓa ba?" Ya ce, "Na taɓa, Baba." Ya ce, "Don me?" Shiru. Ya sake tambaya, shiru. Baffa ya ce to ya ɗauki kayansa.

Ya ɗauki lemarsa kawai. Ko gilashinsa bai ɗauka ba.

Talata, 9 ga Yuli

Ɗinki na zugi. Ban je shago ba. Rahma matata ta ce, "Baban Zuhra, ka tabbata kuwa? Terfa fa?" Na ce in tana da ido a shagon ta gaya mini. Ta ci gaba da tsince shinkafarta. Na tsani irin wannan shirun nata.

Juma'a, 12 ga Yuli

Bayan masallaci mun biya gidan Baffa da Rahma. Ta yi sallama a ƙofar ɗaki har ta gaji, rediyonsa na ta ɓaɓatu kamar ana wa'azin kasuwa. A hanya ta ce ko na lura Baffa bakin mutum yake kallo in ana magana. Na ce tsufa ne, ta bar ni in ji da hannuna.

Litinin, 15 ga Yuli

Na koma aiki. Babu Terfa. Baffa ya yi bisimilla, na danna giranda da sabon faifai, ya fara murɗa famfo.

Kukan ya hau, ya kai inda na saba ji, ya wuce. Ina kallonsa. Ya karkata kai, ya runtse ido, yana ta murɗawa. Giranda na tsuwa a hannuna, haƙorana har suna amsawa, shi kuwa cewa yake, "Yau ba ta da murya." Kuma dama yake murɗawa. Dama, iska na ƙaruwa.

Na saki maɓalli na ce zan sha ruwa. Da ya zagaya, na tsuguna gaban tukunya, na waiga hagu na waiga dama. Sai da na kama murfin na tuna wanda na gani yana irin wannan waige-waigen. Na murɗa hagu, na danna giranda. Kukan ya sauko ya kwanta.

Wane ɗan banza ne ya fara kiran abin nan famfo? Ba famfo ba ne! Na ruwa daban, wannan daban, juyinsa a baibai yake. Ni da aka haifa gaban tukunyar nan ban sani ba, don an hana ni taɓawa. Kuma ranar da nake ta ihun "hagu, hagu", da Baffa ya ji kalmar da ya san gaskiyar Terfa. Bai ji ba. Hannuna kawai ya gani yana nuni.

Ranar da faifai ya fashe kuwa, ruwan sama ne ya hana Terfa zuwa da wuri ya rage.

Talata, 16 ga Yuli

Na rage a ɓoye. Haushin kowa nake ji.

Alhamis, 18 ga Yuli

Na sami Terfa a Azuba, ƙarƙashin rumfar wani mai walda a bakin titi, yana riƙe wa mutane ƙarfe kamar sabon shiga. Na kai masa gilashinsa. Na ce ai mantuwa ya yi, shi ya kawo ni.

Na ce me ya hana ka faɗa? Ya ce ai ya faɗa, ni ne na ce masa maƙaryaci. Na ce ba wannan ba, dalilin. Ya goge gilashin da rigarsa ya ce, "Tun bara kunnen Baba ya tafi. Shi ya koya mini aiki, shi ya ba ni wurin kwana. Ni zan tsaya gaban mutane in ce Baba kunnenka ya mutu? Abeg. Kai ɗansa ne, kai ka faɗa."

Na ce da ya gaya mini a gefe. Ya ce, "Oga, kai ana gaya maka magana a gefe?"

Na hau mashin ɗina na taho. Wato laifina ne ma. Ni da aka ɗinke.

Asabar, 20 ga Yuli

Yau na yi abin da ba na son rubutawa, amma in ban rubuta ba zai shaƙe ni.

Baffa ya kama ni gaban famfo. Ya ce, "Kai ma?" Idonsa ya yi ja. Na yi niyyar in ja shi ciki in gaya masa a hankali, wallahi haka na tsara tun jiya. Na matsa kusa na ce, Baffa, kunnenka ne ba ya kai wa. Ya ce, "Me?" Na ƙara murya. Ya ce in daina cin magana kamar mara gaskiya, in buɗe baki. Raina ya ɓaci. Na ce, "BA KA JI, Baffa! Kunnenka ya tafi! Kai kake ƙara iskar, kai ka kusa kashe ni, Terfa gyara maka yake yi!"

Wannan kam ya ji. Mai shayin tsallaken titi ma ya ji, da masu acaɓan da ke zaune a bencinsa, da matar da ke soya awara. Kowa ya sunkuyar da kai.

Baffa ya tsaya yana kallon bandejina. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Ya cire hularsa ya kakkaɓe ya mayar, ya saka takalmi ya fita. Ban taɓa ganin ya bar shago ana tsakar aiki ba.

Maganar da ya kamata a yi da raɗa, mutum ba ya jin raɗa, ya ake so in yi? A gaya mini.

Litinin, 22 ga Yuli

Baffa bai zo ba. Ban kunna tukunya ba. Mai ƙofar Azuba ya kira, na ce ya yi haƙuri.

Na sayo geji a kasuwa. Yana cikin ledarsa.

Laraba, 24 ga Yuli

Rahma ta kai wa Baffa kunu. Ta ce rediyon a kashe yake. Ya tambaye ta inda Terfa yake zaune yanzu, ta kwatanta masa. Ni bai tambaye ni ba, ko sunana bai kira ba.

Kunnena na hagu yana wani ƙugi tun da yamma. Gajiya ce.

Alhamis, 25 ga Yuli

Ina buɗe shago sai ga su a keke napep, Baffa da Terfa. Da kansa ya je Azuba ya ɗauko shi. Abin da suka ce wa juna ban sani ba, ba wanda ya ga damar gaya mini.

Na tayar da tukunya. Baffa ya tsaya gabanta ya yi bisimilla kamar kullum, ya miƙa hannu ga famfo, sai ya janye. Ya ce da ƙarfi, don yanzu komai da ƙarfi yake faɗa, "Terfa, kai ne kunne. Mu'awiya, zo ka murɗa."

Terfa ya danna giranda, kukan ya yi ƙasa. Na kama murfin zan ƙara, hannuna da kansa ya tafi hagu. Terfa ya ce, "Dama, oga. Ba ruwa ba ne." Har yana dariya, mara kunya. Na murɗa dama a hankali har ya ɗaga hannu. Baffa ya dubi fuskarsa, ya dubi tawa, ya ce, "Tana kuka?" Muka gyaɗa kai. Ya ce alhamdulillahi, ya ja kujera ya zauna kusa da tukunya.

Na fito da gejin, na ɗauka zai yi faɗa. Ya jujjuya shi ya ce a ɗaura, amma a sa shi ta inda zai riƙa gani daga kujerarsa. Terfa ya ɗaura. Ban ba Terfa haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Na dai sayo auduga na toshe kunnena, na miƙa masa ragowar, don kawai ta yi mini yawa.

Har yanzu ina jin haushi. Damtsena zai warke da tabo, kuma masu acaɓa ba za su manta ihuna ba.

Da la'asar ina ƙarasa kusurwar ƙarshe ta ƙofar, na waiga na ga Baffa ba gejin yake kallo ba. Ya sunkuya ya ɗora tafin hannunsa kan tiyo, ya karkata kai, ya runtse ido, yana jin yadda iskar ke rawa a ciki. Ƙarfen ya riga ya yi sumul, ba sauran abin gogewa. Na ɗan ɗaga faifan daga jikinsa, ban saki maɓallin ba.