Ƙorafi Kan Hoton da Ya Daskare a Falona

Daga: Mai shagon gyaran tabarau,
Gida na uku, layin bayan asibiti.
21 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga: Mai girma Manajan Sashen Kula da Abokan Hulɗa,
Kamfanin haɗa intanet na gida.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SAITIN WAIFAI DA MA'AIKACINKU YA YI MINI, DA ABIN DA YA JAWO

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gabatar da wannan ƙorafi ne ba da son raina ba, domin ko rubuta shi nauyi yake yi mini.

1. A ranar 3 ga Yuli ma'aikacinku ya zo ya haɗa mini rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida. Na bayyana masa cewa saboda talabijin na nemi haɗin, domin ɗan yayata zai kammala karatun likita a ƙasar waje, kuma jami'arsu za ta nuna bikin kai tsaye. Ya ce in kwantar da hankalina.

2. Ya ajiye na'urar a cikin kabad ɗin koridon ɗakin girki, bayan bango biyu, ya rufe murfin, wai don kada wayoyi su ɓata wa uwargida ado. Da na ga sunaye biyu sun fito a talabijin, ɗaya da lamba 2.4, ɗaya da 5, na tambaye shi wanne ya dace. Ya ce duk ɗaya ne, ya ɗora ni a kan 2.4. Ni tabarau na sani, saboda haka na yi godiya har na raka shi ƙofa.

3. Bisa wannan tabbaci na je gidan yayata da kaina. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma wannan yaron shi kaɗai ne ɗanta namiji. Ta riga ta shirya kallo a wayar 'yarta, na hana. Na ce uwar likita ba za ta kalli ɗanta a allo kamar tafin hannu ba alhali ƙanenta yana da talabijin mai cika bango. Na gayyaci surukanta, da maƙwabtana, har da mai kantin magani da muke yawan musu da shi.

4. A ranar 12 ga Yuli falona ya cika, wasu a hannun kujera, yara a ƙasa. Duk wanda ya nemi lambar sirrin waifai na ba shi da fara'a, domin babu wanda ya gargaɗe ni. Jawaban manya, waɗanda ba mu damu da su ba, sun fito tar. Amma da aka fara kiran ɗalibai, yaron yana tsaye a bakin matakala, Yaya ta miƙe tana gyara mayafi, sai hoto ya daskare, wata 'yar da'ira ta kama juyawa a tsakiyar allo. Na kashe na kunna, na ciro na'urar daga kabad ina ɗaga ta sama a gaban baƙi. Da hoton ya dawo, wata yarinya ce a kan dandamali.

5. Ranka ya daɗe, da Yaya ta yi mini faɗa, da na fi samun sauƙi. Zama ta yi, ta ce ba komai, ai ta gan shi a bakin matakala. Sannan ta roƙi mutane su ci abinci kada ya huce. Jami'ar ta saki faifan daga baya, na kai mata, ta ce in ajiye, za ta kalla. Mai kantin magani kuwa, duk sanda na wuce sai ya juya yatsa a iska yana zana da'ira.

6. A ranar 15 ga Yuli wata ma'aikaciyarku ta shaida mini ta waya cewa talabijin ya fi dacewa da layin 5 idan yana kusa da na'urar, domin 2.4 yana cunkushewa da na maƙwabta. Cewa a fili ake ajiye na'urar, a wuri mai ɗan tsayi. Kuma ana iya buɗe wa baƙi layinsu daban, a ba talabijin fifiko, ko a ja masa waya kai tsaye. Ashe duk wannan sananne ne a ofishinku.

Saboda haka ina roƙon mai girma Manaja da ya aiko wanda zai sake saitin kamar yadda aka bayyana, ya kuma nuna mini yadda ake yi. Ina kuma roƙon a umarci ma'aikata su riƙa yi wa masu gida wannan bayani kafin su tafi. Ba na neman a kori kowa. Shi ma mai iyali ne.

Alfarma ta ƙarshe: wanda za a aiko ya zo da hantsi a ranar aiki, lokacin da mutanen layinmu suka watse, kuma don Allah ya ajiye motar kamfani a bakin asibiti, ya ƙaraso da ƙafa.

Allah ya ƙara girma, ya ba da ikon dubawa.

Naku cikin ladabi,
(sa hannu)
Mai shagon gyaran tabarau.