Wayar Baba Tana Bin Agogon Garinku

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara rufin asiri, ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zuwa kasuwa da kanta. Auta ta ci jarrabawa, kai ya kumbura, yanzu ko shara sai an haɗa ta da Allah. Ni ma ina nan shagon kafinta. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san ban yi nisa a makaranta ba, amma maganar nan ba ta faɗuwa a waya, don duk sanda ka kira Baba yana kusa.

Ranar Talatar da ta wuce da safe, na fito zan tafi shago, sai na ga Baba zaune a ƙofar ɗakinsa, ya jingina da bango, gumi na keto masa alhali rana ko zafi ba ta yi ba. Takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, yana kallonsa kamar bai san amfaninsa ba. Na yi masa magana, ya kira ni da sunanka. Inna ce ta ruga ta jiƙa sukari muka ɗura masa, sannan ya dawo hayyacinsa. Abin da ya fara cewa shi ne kada a gaya maka. To ga shi na gaya maka, in ya so ya yi fushi da ni.

Tun ran nan hankalina bai kwanta ba, na zuba masa ido kwana uku. Ka san asibiti sun saka masa wata 'yar manhaja a wayar da ka aiko, mai tuna masa maganin ciwon sukari. Na duba katinsa, likita ƙarfe takwas ta rubuta, bayan an ci abinci. Amma wayar ƙarfe biyar na asuba take kuka, sai wani rubutu ya fito da harshen garinku, wanda babu mai iya karantawa a gidan nan. Baba ya haɗiye ƙwayar da ruwa, ciki wayam, kuma ba a karyawa sai takwas.

Na lallaba na karɓi wayar da sunan zan sa mata caji, na kai wa mai gyaran waya na kusa da shagonmu, wannan mai tabarau ɗaure da zare. Ya ce manhajar ba ta da laifi. Wai duk sanda za ta yi aiki sai ta tambayi wayar: mai riƙe da ke wane harshe yake ji, a wace ƙasa yake, ƙarfe nawa yanzu? Abin da waya ta faɗa shi take bi. Wayar kuwa har yau gani take tana aljihunka. Ya nuna mini a tasa, ga shi ɓaro-ɓaro da harshenmu, a sha bayan an ci abinci. Ya ce gyaran bai kai minti biyu ba, sai dai ka kulle wurin da lambar sirri, ina jin saboda yara.

Da lambar ce kaɗai matsalar da sauƙi. Da na yi wa Baba bayani, sai ya ce ai ya sani sarai agogon ba namu ba ne, kuma kada wanda ya taɓa masa shi. Wai da shi yake sanin ka tashi, ka fita aiki, ka dawo gida. In ta yi kuka da asuba, ya san kana karyawa a can, shi ma sai ya sha maganinsa, kamar kuna tare. Na ce to ta yi kukanta, shi ya jira takwas. Ya ce bai taɓa jin kiranka ya share ba, ba zai fara da tsufansa ba. Inna ta ce in bar wahalar da kaina, tun yana saurayi in ya kafe ko jaki ya san da zamansa.

Yanzu abin da nake yi, kafin ta yi kuka ina tsaye a ƙofarsa da shayi da burodi, ba na gusawa sai ya ci. Yana ci yana mita, wai ya haifi ɗan sanda bai sani ba. Amma ranar Litinin maigidana zai tura ni wani gari kafa ƙofofi, kwana goma. Inna ba ta iya tsare shi, Auta kuwa harara ɗaya ta ishe ta. Ko a shago nake, jiya na yanke katako ba daidai ba har sau biyu saboda tunani. An ce rigakafi ya fi magani, mu kuwa maganin ne ma yake neman kayar mana da shi.

Na sami agogon bango, na yi masa gida da katako mai kyau, na saita shi a kan lokacin garinku. Yana ƙarƙashin gadona, ban rataya ba, don na san daga hannuna Baba ba zai karɓa ba. Don Allah ka kira shi kafin Litinin, ka ce kai ka sa a yi masa, kai kuma ka ce a mayar da wayar lokacinmu da harshenmu. Sannan ka turo mini lambar. In daga bakinka ne, ko musu ba zai yi ba.

Ka gaishe mini da matarka da yara, da Kawu in kun haɗu. Inna da Goggo da Auta duk suna gaishe ku. Na san Baba zai ce maka ɗan jiri ne kawai, ni ne mai zuzuta abu. Kada ka tsaya a kan maganata. Ka tambayi Inna, ka tambayi tela maƙwabcinmu wanda muka ɗaga shi tare, ka kuma tambayi mai kemis na bakin titi. Shi ya gwada jininsa, ya dubi abin gwajin, ya sake gwadawa don bai yarda da na farko ba.

Naka,
ƙaninka na gida.