Irin Shinkafar da Baba Ya Sa Miki a Gara

Unguwar Madabo,
Birnin Kano.
24 ga Oktoba, 1999.

Zuwa ga ƙanwata Hasana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Ɗantani da yara da duk mutanen Garwa. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke motsawa jefi-jefi. Gari kuwa tun da soja suka koma bariki kowa ya zama ɗan siyasa, ana ta yi mana alkawarin taki a rediyo. Ni dai ina nan da tukunyata ina turara shinkafa kamar yadda kika bar ni.

Hasana, hankalina ba a kwance yake ba, kuma a kan gonar Baba ta Kura ne. Kin tuna shekarun baya da aka kawo sabon irin nan da ake ce wa 'yar ofis, mai gajeren kara, wadda aka ce ba ta jin cuta? Yayanki Sule ne ya fara shuka ta. Ta yi kyau, ba zan yi mata ƙarya ba, buhu goma ya koma ashirin. Sai Sule ya zama mai wa'azinta, ya bi maƙwabta gona gona har fadamar ta zama iri ɗaya tun daga bakin titi zuwa inda ido ya ƙare. Damina a shuka, rani a ba da ruwa a sake shukawa, taki kuwa kamar ana zuba wa miya gishiri. To, bana abin ya juye. Ganye ya fara yin tabo mai ruwan toka, daga nan wuyan zangarniya ya yi baƙi ya karye, kan ya yi fari fat tun bai nuna ba. An yi feshi har sau nawa, a banza. Buhun da aka kawo mini na gwaji, da hannu ɗaya na ɗaga shi. Da na sheƙe, kusan duk ƙaiƙayi ne ya tashi.

Malam Ismail, malamin gona na yankin, ya zo har zaure ya yi mana bayani, kuma na ga shi ma abin ya dame shi. Ya ce ita cutar nan abu ce mai rai, tana haihuwa tana sauyawa. Waɗanda suka haɗa 'yar ofis sun yi mata kariya iri ɗaya, kuma da farko cutar ta kasa shiga. Amma da aka shimfiɗa mata iri ɗaya tal a duk fadama, rani da damina ba hutu, ga taki ya sa ganye ya yi taushi, sai 'yar kaɗan ɗin da ta iya shiga ta hayayyafa, yanzu ita ce ta cika wurin. Ya ce ana ƙoƙarin fitar da wani sabon iri, amma ba zai iso bana ba, kuma shi ma in aka yi masa irin wannan riƙon haka zai ƙare. Sai ya tambaya ko akwai mai sauran tsohon iri, musamman gaurayen nan na Baba, ja da fara da mai gemu a gona ɗaya, don cutar da ta saba da ɗaya ba lallai ta iya da sauran ba. Bai yi mana alkawari ba, ya dai ce shi ne abin da ya fi sa wa rai.

Aka nema, babu. Duk fadamar babu mai ko tafin hannu. Namu na ƙarshe Sule da kansa ya ba ni na turara aka yi sadakar Baba da shi, ya ce ajiye shi cin wuri ne. Ke kuwa kin san shinkafar da ta sha turare ba ta tsirowa har abada.

Yanzu Sule ya rame, ba ya cin abinci, ba ya iya haɗa ido da mutanen da suka bi maganarsa. Wani dillali daga Kabuga ya fara zarya, kuma Sule ya faɗa mini da bakinsa cewa in lokacin shukar rani ya zo ba shi da irin da zai amince da shi, zai sayar da gonar ya huta. Gonar da Baba ya sare da hannunsa. Na yi masa faɗa, na yi kuka, amma bai janye ba.

Ke kaɗai kika rage. Al'adar Baba ce duk 'yar da ya aurar sai ya sa mata ƙwarya guda ta iri a cikin gara, ya ce kada a ci, a shuka. Ni tawa ta koma gonar gida ta bi sauran. Ke da kika zo biki kin ce Malam Ɗantani yana shuka shinkafar taki a bakin kogin Binuwai, har Sule ya yi miki dariya ya ce kina noman kakanni. Shi ya sa ba zai iya buɗe baki ya roƙe ki ba, bai ma san na rubuto ba. Don Allah, kuna shuka ta har yanzu, ko ku ma kun bi yayi? Wannan tambayar ce ke hana ni sukuni.

In akwai, ki ba Alhaji Musa mai fata na Kasuwar Kurmi, wanda ya kawo miki takardar nan, ko tiya biyu ce. Kuma ki saurare ni da kyau, don na san halinki na son fita kunya. Za ki ce ba a aika wa 'yan birni shinkafa da ɓawonta, ki zauna ki turara, ki surfe, ki tsince jajayen ki zubar don ta yi kyan gani. Wallahi in kika yi haka kin kashe mu. Ki aiko ta yadda ta fito daga masussuka, da ɓawonta da gemunta, a gauraye, ta bana ba ta bara ba, kada ruwa ya taɓa ta.

Inna tana gaishe ki, tana sa miki albarka. Hadiza matar Sule da Hafsa da Bilal duk suna gaisuwa. Ki gaishe mini da Malam Ɗantani da kyau, ki shafa mini kan Maryam. In kuwa babu irin, kada ki ba Alhaji Musa saƙon baki, don a kasuwa zai fara haɗuwa da Sule. Ki rubuto mini ni kaɗai, ki liƙe. Gara ya ji daga bakina, a cikin gida, Inna tana zaune.

Taki har kullum,
Yaya Uwa