Kwanukan Iya ko Kwamfutar Rubutu?

Anti Jamilatu, don Allah ki agaza min da shawara kafin Asabar, zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya.

Ni matar aure ce a Ƙofar Galadima, ban daɗe da tarewa ba. Tun ina makaranta ba abin da nake so kamar littattafan labari, miya ma na sha ƙonawa a kansu. Yanzu na fara rubuta nawa a waya, labarin wata ma'aikaciyar jinya da wani mai gyaran agogo. Wallahi ko wanke-wanke nake yi sai in ji suna hira a kaina. Amma wayar ta tsufa, kwanaki ta ɗauke ta tafi min da babi guda, na yi kuka har maigidana ya zaci rasuwa aka yi.

Shi ne ya kai ni wani shago a Sabon Gari, muka ga kwamfuta ta hannu, 'yar ƙarama, ruwan toka, mai araha. Anti, da na ɗora yatsuna a kanta ji na yi kamar na ga sunana a bangon littafi! Mai shagon ya ce manhajar Linux ce a cikinta ba Windows ba, wai kyauta ake ba kowa ita. Ya yarda zai ajiye min zuwa Asabar. Sai dai wani abokin aikin maigidana ya ce wannan ta injiniyoyi ce, ba zan iya ba, gara a sa min kwafin Windows ta bayan fage.

Babbar damuwar kuma ga ta. Maigida bai da halin saya min yanzu, ni kuwa ina da saitin kwanukan tangaran da kuloli da mahaifiyata Iya ta saka min ranar jere. Suna nan cikin kabad, ko ruwa bai taɓa su ba. In na sayar za su isa. To dillaliyar unguwarmu har Kwarbai take shiga, a gidan su Iya ma take shan ruwa. Iya ta daɗe tana tara kayan nan ɗaya bayan ɗaya, duk zuwan da za ta yi sai ta tsaya gaban kabad ɗin ta goge gilashin da bakin mayafinta. Maigida ya ce kayana ne, ba ruwansa. Na yi tunanin in roƙi dillaliyar ta rufa min asiri, in jera wasu kwanuka a gurbinsu. In yi hakan? Kuma zan iya da Linux ɗin?

Mai son zama marubuciya, Zariya

*

'Yata, zumuɗinki har ni ya kama. Bari in fara da mai sauƙin.

Za ki iya. Linux ba ta bayan fage ba ce, masu ita ne suka sake ta ga kowa, kuma tana tafiya da sauƙi a tsofaffin kwamfutoci. Abokin maigidanki yana da 'yar gaskiya: akwai manhajojin ofis da ba sa hawa kanta, kuma ba kowane mai gyara ne ya saba da ita ba. Amma ke rubutu za ki yi, manhajar rubutu ta LibreOffice da ke kanta ta ishe ki. Kada ki yarda da kwafin sata.

Ranar Asabar kada kyawun kwamfutar ya ruɗe ki. Ki sa a cire ta daga wuta ki ga ƙarfin batirin, ki danna kowane harafi, ki haɗa ta da intanet ɗin wayarki, ki ce wa mai shagon ya saita miki haruffan Hausa a gabanki. Duk babin da kika gama, ki tura wa kanki ta imel.

Batun kwanuka kuwa, gaskiya ne naki ne. Amma kin san a wajen uwa kayan ɗaki shaida ce ta cewa ta fitar da 'yarta kunya. Idan ta gan su a ƙunshin dillaliya a tsakar gidanta, abin da zai zo mata shi ne kina cikin wahala a gidan miji kina ɓoye mata, kuma maigidanki da bai ci ba bai sha ba shi zai kwana a ciki. Dillaliya kuwa sana'arta nuna kaya, ba ɓoyewa ba.

Ki shirya gobe ki je Kwarbai da ƙafarki. Ki gaya wa Iya abin da kike son zama, ki nemi izininta, ki bar ta ta zaɓi waɗanda za su fita da waɗanda za su zauna. In ta ce a'a, ki haƙura da wannan kwamfutar, irinta ba sa ƙarewa a kasuwa. Amma na san iyaye mata da yawa da suka fi son a zo a roƙe su fiye da kwanukan kansu.

Allah Ya sa albarka a alƙalaminki, Ya sa Iya ta sa miki tata.

Anti Jamilatu