Tattasan Maƙwabciya

Diffa, daren Alhamis

Yau ma mu matan ƙauyen Baruwa mun taru a ƙofar Ya Falmata, kowacce ta faɗi abu guda da take gode wa Allah a kai. Da zaman nan muke riƙe juna tun da muka gudo.

Da aka zo kaina na ce, "Alhamdulillahi, maƙwabciya ta sam mini tattasai, na yi miya."

Ya Falmata ta ce, "Kin gani, Hadiza? Bakin da Allah ya tsaga ba ya rasa abinci."

Na yi murmushi, raina na ƙuna. Ni da nake shanya tattasai a bakin kogin Komadugu har ƙasa ta yi ja, yau ni ke tara hannu.

Na gode, ya Allah, ban yi ƙarya ba. Amma gonata nake so.